Shekarar da Muka Sulala wa Baba Brat a Giya

Sheboygan, 18 ga Agusta

Zuwa ga ƙanwata Annette,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, har da karen nan naku da bai taɓa ƙaunata ba. Yaya ruwan Oregon? Mu nan lafiya lau, in an cire abin da zan faɗa miki. Takarda na zaɓa domin duk lokacin da na ɗaga waya a gidan nan, sai Baba ya tuna yana da aiki kusa da ni. Idonsa ne ya tafi, kunnensa yana nan daram.

Likita ta ce tsakiyar ganinsa ce ta mutu, gefe-gefe kawai ya rage. Yana gane mutum da tafiyarsa. A gidansa ba ya tuntuɓe, ya san inda kowane cokali yake tun zamanin Mama. Matsalar wuta ce. A gashin watan Yuli bai ga inda garwashi ya taru ba, brat, sosej ɗin nan namu, suka ƙone a waje, cikinsu ɗanyen naman alade. Maƙwabta suka ci gefen, suka tura sauran ƙarƙashin burodi, suka yi godiya. Shi kuma ya tashi da ƙuna a bayan hannu, wai ƙofar mota ce ta matse shi. Baba ya daina tuƙi tun bara.

Yaya Curt ya gani. Kin san Yaya, in ya tsorata sai ya fara tsara rayuwar mutane. Ya samo ɗaki a gidan tsofaffin nan na bakin tafki, mai labule masu furanni, inda ba a yarda ko kyandir a kunna ba. Ranar Lahadi ya kawo maganar a kan tebur.

Baba ya ajiye cokali ya ce, “Ranar Ma’aikata, farkon Satumba, zan gasa wa unguwa brat kamar kullum. In na ba mutum ɗaya ɗanye, ka zo da motarka ka kwashe ni.”

Yaya ya ce, “Baba, ba gasa muke yi ba.”

“Ai kai ba ka taɓa cin ko ɗaya ba, ina za ka san ta?”

To kin ji. Gida, da lambun tumatir, da kujerar Mama a baranda, duk an ɗora su a kan hanjin da aka ɗura wa nama. Kuma kin san mahaifinmu, Delbert Zastrow, bai taɓa janye magana ba, ko da kuwa ta wauta ce. Musamman ma ta wauta.

Ki gaishe da kowa. Kada ki kira Yaya, zai ce ni na haɗa.

Yayarki,
Gretchen

Sheboygan, 28 ga Agusta

Annette tawa,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji ƙaramin ya fasa haƙori a wajen ƙwallo, ki yi masa sannu. Wasiƙarki ta iso, kuma a’a, ba zan “zauna da Baba mu yi magana ta zuciya” ba. Kin daɗe a Oregon.

Mafita ta zo daga inda ba a so, wato daga mijina. Tun ranar da na kawo Ted gidanmu Baba bai kira sunansa ba, sai dai “Milwaukee”, sunan garinsu, saboda ranar farko ya yi kuskuren faɗin cewa a gidansu ana sulala brat a giya da albasa kafin a ɗora a wuta. Kin tuna ai. Mama ta tashi ta shiga kicin kamar an yi saɓo. A garin nan giya bayan wuta take zuwa: a gasa ɗanye a kan gawayi, ana juyawa da yatsu da aka tsoma a ruwan sanyi, sannan a jefa a tukunyar giya da man shanu da albasa su jira masu ci. Mai sulalawa tukuna, a wajen Baba, matsoraci ne ko ɗan Milwaukee, kuma bai ga bambanci ba.

Shekaranjiya Ted yana wanke kwanoni ya ce, “In an sulala su, ai sun riga sun dahu. Ko makaho ba zai ba da ɗanye ba.” Sai ya ji abin da ya faɗa, ya yi ta goge faranti ɗaya har ya kusa huje shi.

Na ce za mu yi. Ni ce mai karɓo nama daga mahauci, zan biya ta gidanmu da su tukuna.

Ted ya ce, “Gretch, launinsu zai koma toka-toka. Kowa zai gani.”

Na ce, “Kowa ban da mutum ɗaya.”

“Da yatsu yake juya su. Ɗanye laushi gare shi, sulalle kuwa a miƙe yake kamar sanda. Taɓawa ɗaya zai gane.”

Na san da haka. Ba tsammanin ruɗin Baba nake yi ba. Fatana shi ne ya gane, ya auna gidansa da girman kansa, ya yi kamar bai gane ba. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai tarihin yarjejeniyoyin sulhu, kuma mafi yawansu haka aka ƙulla su, kowa ya san ƙarya ce, kowa ya sa hannu.

Wanda nake tsoro shi ne Wally Gottsacker na gidan gefe. Tun suna samari yake jiran ranar da zai kama Baba da laifi a kan wuta. Na kai masa kek ɗin ceri na roƙe shi ya rufe bakinsa. Ya cinye yanka biyu ya ce, “’Yar nan, sulala? Delbert? Gara ki ce min ya koma goyon bayan ƙungiyar ƙwallon Chicago.” Bai yi alkawarin komai ba, ya dai riƙe sauran kek ɗin.

Ki sa mu a addu’a, ko a abin da kuke yi a can madadinta.

Taki,
Gretchen

Sheboygan, 3 ga Satumba

Ƙanwata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gida. Ki nemi wuri ki zauna, don na san za ki tsallaka zuwa ƙarshe, kuma ban yarda ba.

Ranar gashin da safe Ted ya yanka albasa har ya yi kukan da bai yi ba ranar aurenmu. Ya juye giya a babbar tukunya, ya rage wuta, ya tsaya a kanta yana gargaɗina kada ta tafasa. Na karɓe shi na ɗan lokaci ya je ya yi aski, na ɗauki littafi, ta tafasa. Wasu suka fashe. Sauran muka tsame, suka huce, muka jera a tire muka rufe da tawul kamar masu fitar da gawa ta ƙofar baya.

Farfajiyar Baba ta cika. Kujerun ninkewa, salak ɗin dankali kala uku da masu shi ke satar kallon wanda aka fi ɗiba, burodi an tsaga an shafe da man shanu. Baba yana gaban murhu da tsohon gyauton da yake ɗaurawa in zai gasa nama da kwanon ruwan sanyi a dama. Yaya Curt ya kafa kujerarsa kusa, ya harɗe hannu kamar alƙalin wasa.

Na ɗage tawul. Annette, duk unguwa suka zuba wa brat ɗin nan masu launin toka ido. Matar fasto ta kama sarƙar wuyanta. Wally ya buɗe baki, na dube shi, ya cusa gwangwanin giya a ciki.

Baba ya tsoma yatsu a ruwa, ya ɗauki na farko. Ya tsaya. Ya ɗan matsa shi, ya kai hanci. Ni kuwa ina ta addu’a ya zama ɗan siyasa sau ɗaya a rayuwarsa.

Ya ce, da muryar da ta kai titi, “Wa ya yi wa brat ɗina wanka?”

Ba wanda ya motsa. Sai Ted, bawan Allah, ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya, a gaban mutumin da ba ya ganin hannu.

“Ni ne, Baba.”

“Na san kai ne, Milwaukee. Wa ya sa ka? Kai ko tabarau ba ka saya sai an ba ka izini.”

Na ce ni ce. Ya juyo da gefen fuskarsa, yadda yake yi yanzu in yana son ganin mutum, ya daɗe yana kallona. Na shirya jin cewa a zubar, a kira motar Yaya. Yaya ma ya fara gyara zama, kuma wallahi fuskarsa ba ta mai nasara ba ce, kamar zai yi kuka.

Baba ya ce, “Na watan Yuli, ɗanye ne?”

Na ce, “Ɗanye ne, Baba.”

“Duka?”

Wally ya ce, “Nawa har motsi ya yi, Del.”

Aka fashe da dariya, irin wadda ake yi don kada a yi wani abin. Baba bai yi ba. Ya ce, “Kuka ci, kuka yi min godiya. Munafukai.” Sannan ya ɗora brat ɗin a kan raga, ya ɗauki na biyu. “Milwaukee, zo nan. Tsaya a haguna. Ba ka taɓa komai, hannunka a aljihu. Ka faɗa min inda wuta ta tashi, ka faɗa min launi. In ka ce ‘ya yi kyau’ zan kore ka, launi na tambaye ka.”

Haka aka yi gashin. Ted yana cewa, “Wuta a dama, can baya,” Baba yana yarfa ruwa da yatsu. “Wannan ya yi ruwan zuma.” “Zumar wa? Ta kanti ko ta gaske?” “Ta gaske.” “To saura kaɗan.” Rabin sa’a ba a yi ba suka fara faɗa a kan ma’anar ruwan ƙasa. Suka fito jawur, fata tana ƙara in an ciza, aka sa bibbiyu a burodi da albasa da mastad. Ba ɗanye ko ɗaya. Yaya ya yanka nasa gida huɗu yana dubawa.

Wally ya ci uku, yana cewa don ya tabbatar da munin abin ne.

Da aka fara naɗe kujeru Yaya ya matso ya ce, “Baba, amma fa da taimako ka yi.”

Baba ya ce, “Na ce ba zan ba da ɗanye ba. Na ba da?”

“A’a.”

“To ka ce su ba wani ɗakin. Kuma tunda kana son tuƙa ni, ka zo kowace Asabar ka kai ni wajen mahauci. Murhun nan ba zan ƙara kunna shi ni kaɗai ba, na ji. Kada wanda ya sake maimaita min.”

Yaya ya ce to, ya tafi ɗauko abin da bai manta ba a mota, ya daɗe a can.

Ni kuma hukuncina ya zo ina kwashe faranti. Ya riƙo hannuna da yatsunsa masu sanyi ya ce, “Ke, farfesa. Nan gaba in abinci na ɗanye ne, ki faɗa min a ranar. Ido na rasa, ba hankali ba.” Na ce to. Karon farko na karɓi hukunci ba gardama, ki rubuta ranar.

Saboda haka gida yana nan, ɗakinki yana nan da tarkacenki, kuma yana tambaya ko za ku zo kafin sanyi ya shigo. Ku zo. Ki kira shi ranar Lahadi, zai ba ki labarin da kansa, kuma a nasa labarin shi ya kawo shawarar. Ki yarda.

Ted yana gaishe ki. Jiya Baba ya kira waya ya ce a ba shi Ted, da sunansa, sai da na tambaya wa yake nufi.

Yayarki mai ƙaunarki,
Gretchen