Garar Wasila da Tartin Bakin Hanya

Zinder, watan Mayu, 1974

Zuwa ga ƙanena Suma'ila a Abijan,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na bakin teku. Mu nan mun gode Allah, sai dai zafi da ƙishirwa. Rijiyar unguwa ta koma laka, sai mun bi layi a famfo tun asuba. Mutanen ƙauye suna ta kwararowa birni da 'ya'yansu, shanu kuwa sun ƙare a hanya. An ɗaura auren 'yarka Wasila da Mutari lafiya, ta tare a gidansu a ƙauyen Gaffati. Na yi kuka ranar da aka ɗauke ta, ba zan ɓoye maka ba, shekara goma sha huɗu tana hannuna tun rasuwar uwarta.

Saƙonka ya iso, da umarnin da ka haɗo da shi, wai kada in wahalar da kaina da alkaki, in je wurin mai burodin nan na bakin hanyar tasha in sayo abin da kuke kira tarti, a kai shi gara gidan miji, don surukai su san uban yarinya ya ga duniya. Suma'ila, lalle ka ga duniya, amma ka manta gida. Duk da haka ban yi maka gardama daga zaune ba. Gani ya kori ji, na ɗauki mayafina, na ja Ramlatu maƙwabciyata muka tafi.

Wurin wata rumfar kwano ce da tanderu a baya, sai akwatin gilashi a gaba, ƙudaje suna ta kai gwauro suna kai mari a kansa. Mai wurin Ɗanladi ne, wanda ya yi wa wani Bature kuku shekara da shekaru. Yanzu ya ɗaura farin ƙyalle a ciki, yana yi mana magana rabi da Faransanci, ni da na san uwarsa tana sayar da daddawa a kasuwa. Har madam ya kira ni! Motocin Turawan agaji ne ke tsayawa su saya, da 'yan biro, wato ma'aikatan ofis, masu ɗamammen wando. Da ya fito mana da abin, sai na ga bai fi murfin ƙaramin kwano ba. Ƙasansa ɓawo ne na fulawa, tsakiya wani abu rawaya kamar koko, a sama an jera yankan abarba da mangwaro suna ta ƙyalli. Kyau kam akwai, kyan ɗan maciji.

Na gutsura, ɓawon ya ruguje mini a zane kafin ya kai baki. Abin da ya kai kuwa zaƙi ne ya fara bugun harshe, tsami ya biyo baya, kamar an zuba sukari a kunun da ya kwana. Ramlatu ta cinye nata a loma biyu, ta tambaye shi ko wannan ɗanɗano ne, yanzu za a kawo na gasken. Na tambaye shi inda ya samo mangwaro bana, alhali garake sun bushe. Ya ce na gwangwani ne, daga ƙasar waje, yana faɗa yana ɗaga kai kamar abin yabo. Sannan ya gargaɗe mu wai a ranar ake ci, in ba haka ba sai a firigo, wato akwatin sanyi mai aiki da lantarki. Na ce ya nuna mini firigon Gaffati. Ka san gara rabawa ake yi gida-gida, a aika wa dangin da ke garin Droum nasu a kan jaki, a ajiye wa wanda ya yi tafiya har ya dawo. Na sayo guda na rufe a kwano don gwaji. Washegari da azahar ya yi ruwa ya fara wari, akuyar Ramlatu da ke cin kwali saboda yunwa ta sunsuna ta juya.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma ba ni da alkakin da zan yi fahari da shi. Shekara talatin ina yi wa 'ya'yan mutane, ga tawa ta zo, babu alkama ko tiya ɗaya, zuma kuwa sai labari. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai. Na yi ta juya abin, domin yarinyar da aka kai wa garar raini, gori ba ya barinta a gidan miji har ta tsufa. A ƙarshe na saɓa maka. Abin da ka aiko na haɗa da nawa, na sayi gero buhu guda, da man gyaɗa da gishiri. Gwaggo Zuliha ta ce na zubar da mutuncin gidanmu, wai za a ce mun ɗauki surukai mabarata. Duk da maganarta ban fasa ba.

Ranar Alhamis muka kai. Matan gidan suka kewaye mu a tsakar gida, aka kwance bakin buhu, sai ba wadda ta yi ko guɗa ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, na kashe yarinyar nan. Sai Delu, uwar Mutari, ta durƙusa ta cusa hannu cikin geron har gwiwar hannu, ta daɗe a haka ba ta ɗago ba. Da ta ɗago fuskarta jiƙe take. Ta sa aka kawo ƙwarya, ta ɗebi tiya uku ta ɗaure da kanta. Ta ce da ni wannan ba za a daka ba, domin tun watan jiya suka cinye irin shukarsu, mai gidanta kuma ya daina kallon sama don ko ruwa ya zo ba shi da abin da zai sa a ƙasa. Ta kamo hannun Wasila ta zaunar da ita kusa da ita, ta ce gonarsu ta bana wannan yarinya ce ta shigo da ita.

In ka ga na yi maka laifi, ka yi fushinka, na ɗauka. Ka gaida Mala da iyalinsa, da Sha'ibu ɗan Baba Habu in kuna haɗuwa. Wasila da Mutari suna gaishe ka, haka ma Gwaggo Zuliha, ko da yake har yau ba ta yi mini magana ba. Ka taya mu roƙon ruwa.

Yayarka,
Barira