Kunnen Wule

Dakoro, ranar Talata.

Zuwa ga maigidana Abban Kausar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na ramin zinariya. Yaya zafin Jado? Yaya tarin nan naka, ya sake ka? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi. Kausar ta fara tafiya, ba abin da ya tsira a ɗakina.

Albishirinka! An ga Wule!

Na san za ka ce, da ɓata ta yi? To, zauna ka karanta a hankali, kada ka yi fushi sai ka kai ƙarshe. Yau kwana shida ke nan da garken unguwa ya dawo da yamma babu ita. Makiyayi ya ce wasu shanu masu haurawa arewa sun ratsa su a burtali, yana jin su ta bi. Mun nema har ƙafafuna suka kumbura. Ban aiko maka ba don ba ku da rezo, waya ba ta shiga wajenku, kuma gaskiya ko da akwai, bakina ba zai iya faɗa ba.

Da tamu ce da sauƙi. Amma saniyar da amininka Bube ya zaɓo daga tsakiyar garkensa ya ba ka habbanaye, mu sha nono, 'ya'yan da ta haifa su zama namu, sa'annan mu mayar masa da abarsa, da wane ido zan dube shi? Ranar da za ka tafi ma ba ka ce in kula da kaina ba, cewa ka yi in kula da Wule. Ban manta ba, wannan shari'ar tana nan tana jiran ka.

Shekaranjiya na je gidan rediyo na ba da cigiya. Ni na tsara ta da kaina, ka ji amfanin karatun da kake yi mini dariya a kansa: jar saniya mai dogayen ƙaho, goshinta fari, kunnen hagu a tsage, ta bar maraƙa a gida. Na sa lambar salulata. Sau uku aka karanta, har maƙwabta suna cewa sun ji sunana.

Yau da hantsi ina wanki sai ga kira, lambar da ban sani ba. Wani dattijo ne mai murya a natse, ya ce sunansa Elhaji Salihu, falken shanu ne a wajen Sabon Maci. Ya gaishe ni kamar ya san gidanmu. Ya ce saniyata tana gabansa, ya lissafo mini ita kaf, tun daga ƙaho har tsagar kunnen hagu, bai bar ko ɗaya ba. Wallahi ban san lokacin da na yi guɗa ba, kumfa a hannuna har gwiwa. Kausar ta tsorata ta faɗi zaune.

Matsala ɗaya ce, kuma ƙarama. Wule ta shiga gonar waken wani ta yi ɓarna, mai gona ya ɗaure ta. Elhaji ya roƙe shi har ya sauko zuwa jikka sittin, da kuɗin motar da za ta kawo ta. Sai dai in aika kafin azahar ɗin jibi, in ba haka ba mai gona zai miƙa ta ga hukuma. Na ce bari in zo da kaina, ya ce a'a, mutumin mai zafin kai ne, in ya ga mai saniya zai ƙara kuɗi. Ka ga mutumin kirki, har tattalin aljihunmu yake yi.

Na yanke shawara zan sayar da keken ɗinkina. Kada ka ce komai, keke ana sayen wani. Inna dai tana ta ƙunƙuni, wai ita tun da take ba ta taɓa jin wanda ya tsinci dabba ya ce kada mai ita ya zo ba. Na ce mata zamani ya canza, yanzu komai ta waya ake yi. Ka san Inna, ko sallama aka yi mata a salula sai ta ce a tambayi ɗan wane ne.

Idrisa direba zai taso gobe, shi zan ba wannan. Kafin ta iso hannunka Wule tana turkenta, in sha Allah, kuma Bube ba zai taɓa jin komai ba. Ka ci abinci, ka rufe hancinka in za ka shiga rami.

Taka har kullum,
Rahinatu.

Dakoro, ranar Jumma'a.

Abban Kausar,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kana lafiya. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Idan takardata ta farko ta riga wannan, na san tun a wurin cigiya ka dafe kai. Kai ka gani nan take. Ni sai da na kwana biyu.

Jiya da safe na gama magana da mai sayen keke, ya ce zai zo kafin azahar da kuɗi a hannu. Murna ta hana ni zama, na dama dusa na kai wa maraƙar Wule. Tun da uwarta ta tafi ba ta cin kirki, duk ta zube. Na tsuguna gefenta na rungumi wuyanta, muna kallon ƙofar gida tare, ina gaya mata uwarki na hanya. Hannuna na dama ya sauka a kan kunnenta, na ji tsaga. Ka tuna Bube da kansa ya yi mata shaida irin ta uwarta, tunda mu ba mu da shaidar gida. Na dubi hannuna, na dubi kunnen. Dama ne, Abban Kausar. Kunnen dama!

Ashe ni kullum ta gaba nake zuwar wa Wule da ƙwaryar dusa, muna fuskantar juna, tsagar tana wajen hannuna na hagu. Shi na rubuta. Ɗiyar tela ta auri mai saniya, me kake jira? Na fara dariyar wautata, sai na tuna wani abu. Elhaji ya ce saniyar tana gabansa, yana kallon ta, kuma ya ce hagu.

Nan take na kira shi. Inna ta jawo tabarma ta zauna kusa da ni, na buɗe muryar salular don ta ji. Na ce don Allah Elhaji ya ƙara duba mini kunnen, hankalina ya kwanta. Ya ce in dakata ya matsa kusa, har ina jin yana cewa wata aba ta tsaya. Ya dawo ya ce hagu ne, ko shakka babu. Sai wani ƙarfin hali ya zo mini. Na tambaye shi gutsurarriyar wutsiyarta fa, ciwon ya warke? Wule da wutsiyarta ke share ƙasa! Bawan Allah ya ce ai shi da kansa ya shafa mata magani jiya. Inna ta toshe baki da zane. Na ce to ƙahon da ya karye fa? Ya ce yana nan, ya fara toho. Nan Inna ta kasa daurewa, ta karɓe salular ta ce masa ya riƙe saniyar, tunda shi ya haife ta. Kafin ta rufe baki ya kashe.

Mun yi dariya har da hawaye. Na aika wa mai sayen keke ya yi haƙuri. Na kai lambar wurin jandarma, suka rubuta, suka ce ba ni ce ta farko ba, masu irin wannan sana'a rediyo suke saurare kamar masu jiran labarin ruwa.

Amma da na dawo na ga turke wayam, sai dariyar ta ƙare. Kekena ya tsira, Wule kuwa ba wanda ya gan ta. Kwana biyun nan da na yi ina murna, ban neme ta ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Na so in koma rediyo a gyara cigiyar. Inna ta ce in bar ta haka, yanzu ina da abu ɗaya a cikina da maƙaryaci bai sani ba. Gaskiyarta, daga jiya zuwa yau mutum uku sun kira, dukansu sun ga kunnen hagu da idonsu. Ɗaya ma cewa ya yi in sa masa kiredi a wayarsa ya duba mini inda take. Sai dai ina tsoro. Idan mai gaskiya ne ya gan ta, ya dubi kunne ya ce ba ita ba ce fa?

Ga kuma Bube. Suna can arewa da shanu, amma wane makiyayi ne ba shi da rediyo a rataye? Duk wanda ya yi sallama a ƙofa sai in ɗauka shi ne. Ka yafe mini. Ka yi mana addu'a.

Matarka,
Rahinatu.

Dakoro, ranar Alhamis.

Abban Kausar, maigidana,

Assalamu alaikum! Yaya aiki, yaya jiki? Gaisuwar ta tsaya nan, ba zan iya jan ta ba. Wule tana gida! Wannan karon ba a waya na ji ba, ga ta can tana tuƙa, ina hango ta ta taga, wutsiyarta cikakkiya.

Ranar Litinin wata lamba ta kira ni sau biyu. Da na ji an ce maganar saniya ce, sai in kashe, na gaji. A na uku na ɗauka da niyyar in wanke mutum tas. Sai na ji ya fara da ba ni haƙuri. Ya ce sunansa Attaher, Buzu ne, suna zaune kusa da wata rijiya a wajen Bader Goula. Wata jar saniya ta shigo cikin dabbobinsa kwana tara da suka wuce. Ya ji cigiya, amma bai kira ba, don shi a ganinsa ba tawa ba ce: komai ya yi daidai, sai dai wannan kunnenta na dama ne a tsage. Matarsa ce ta matsa masa, ta ce saniyar nan kullum da yamma sai ta juya kudu tana kuka, mai ɗa ce.

Abban Kausar, nan take na zauna a ƙasa. Na jira in ji ya ambaci kuɗi. Bai ambata ba. Ni na gaji na tambaye shi nawa zan aiko. Ya ce in aiko da me? In zo dai in gani da idona, in kuma da hali in taho da maraƙar, ita ba ta rantsuwar ƙarya.

Duk da haka ban saki jiki ba. Na bar kuɗi a gida, na roƙi Kawu Tanimu ya raka ni, muka fita washegari da sassafe a motar kasuwa, maraƙa a baya tana ta zabura. Attaher ya tarye mu a bakin hanya, dogo ne, rawaninsa ya rufe baki. Tun ba mu ƙarasa rijiyar ba maraƙa ta yi kuka sau ɗaya. Daga cikin garke aka amsa. Sai ga ƙaho yana keta shanu, Wule a guje, ta kusa ture Kawu. Ba wanda ya ƙara duba kunne. Ni da matar Attaher, da ba mu taɓa ganin juna ba, muka rungume muna kuka.

Matar tasa ce ta riƙa tatsar Wule don kada nonon ya ƙafe. Na yi maganar tukuici, Attaher ya ɓata rai kamar na zage shi. Da ƙyar ya karɓi shayi da sukarin da Inna ta ƙulla mini. Ya kuma ce yana jin ba a banza Wule ta bi garke ba, bijiminsa ya san zancen. Ka shirya turke na uku.

Mun kwana can, jiya muka samu motar dabbobi. Muna shigowa gari wani ya kira, wai ga saniyata a Birnin Lalle, kunnen hagu a tsage. Na kara salular a bakin Wule, ta kuwa ba shi amsa da kanta. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Da muka karyo kwanar gidanmu sai na hangi mutum zaune a ƙofa kan buzu, sanda a kafaɗa, Kausar a cinyarsa. Bube ne. Duk maganar da na kwana goma ina shiryawa ta gudu. A gefensa ga wata baƙar saniya ɗaure, hantsarta cike.

Tun ranar farko ya ji cigiyar. Ya ce da ya ji an ce hagu, ya san matar amininsa ce ta rubuta, ya kuma san da wuya a samu saniyar da wannan kwatance. Bai kira ba, wai ba a yi wa mutum jaje ta waya. Ya zaɓi wata mai nono ya koro ta a ƙasa, kwana biyar yana tafiya, don kada maraƙa ta mutu, kada Kausar ta rasa abin sha. Inna ta ce tun da ya iso ya tambayi lafiyarta, da taka, da tawa, da ta maraƙa. Wule ce kaɗai bai tambaya ba.

Na durƙusa in ba shi haƙuri, kuka ya ci ƙarfina. Ya kau da kai, ya tashi ya je ya shafa wuyan Wule, ya daɗe a tsaye. Da safen nan ya kama hanya. Na ce ga baƙar saniyarsa, ya ce ta gaji, ta huta nan sai ka dawo.

Ita ma kunnenta a tsage yake. Na tsaya gefenta na duba da kyau, na kuma kira Inna ta shaida. Ba zan rubuta maka ko wanne ne ba, ka zo ka gani da idonka.

Inna da Kausar suna gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka,
Rahinatu.