Ku Faɗa Mini Sunan Ƙwayar da Ta Saɓule Mini Fata

Zuwa ga Shugaban masu kemis na unguwarmu, Maisandari, Maiduguri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ce Falmata mai gyaran jikin amare. Da dilka da lalle nake ciyar da 'ya'yana, kuma raina a ɓace nake rubuto maka.

Na farko, a daminar bara zazzaɓi ya kama ni, na je kemis ɗin bakin layinmu. Mai shagon bai tambaye ni komai ba. Ya ɓare ƙwayoyi daga kwalaye daban-daban, fara da ja da ruwan ɗorawa, ya ƙulle a leda, wai haɗi. Babu kwali, babu suna. Haka kuke sayarwa, haka muke sha.

Na biyu, kafin mako ya zagayo leɓunana suka farfashe, idanuna suka manne, fatata ta riƙa saɓulewa kamar an kwara mini tafasasshen ruwa. Ko yawu ba na iya haɗiyewa. A asibiti likita ya ce ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan ce jikina ya ƙi, kuma in na sake shan ta, da wuya in tashi. Ya tambaye ni sunanta. A ina zan karanto masa? A jikin leda?

Na uku, da na samu sauƙi na koma shagon da ƙafata. Mutumin nan ya dubi fuskata ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta jefar da kwali ba. Da na matsa, sai ya ce haɗin sirrin sana'arsa ne, in ya faɗa wasu za su kwaikwaya. Sirrin sana'a, a kan raina!

Amare sun guje ni. Wace uwa za ta miƙa 'yarta gyaran jiki wurin mai tabo tun daga fuska har ƙafa? Wannan na bar wa Allah, ba diyya nake nema ba.

Roƙona biyu ne. Ka kira mai shagon nan ya faɗi sunan kowace ƙwaya da ya zuba mini, in kai wa likita. Sannan ku daina sayar wa mutane magani babu suna. Damina ta sake kamawa, sauro ya dawo, tun shekaranjiya jikina ke zafi, kuma duk ƙwayar da aka miƙo mini sai in ƙi karɓa, don ban sani ba ko ita ce.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya tsare iyalinka daga haɗiye abin da ba su san sunansa ba.

Wassalam.

Falmata, Maisandari.