Ka Tafi da Rabin Garin Kaka

Assalamu alaikum Baba Sale,

Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san wannan wasiƙa ba za ta iso gare ka ba. Bara'atu ce, jikar amininka Malam Haruna, wadda take kawo muku ruwan alwala zaure kanta a sunkuye. Ƙila ma ba ka taɓa jin muryata sosai ba.

Gida lafiya. An buɗe masallatai, kasuwar Tudun Wada ta dawo ci, mu ma mun koma makaranta. Kaka ne kawai bai dawo yadda yake ba. Tun zuwan korona babana ya hana shi fita, wai tsofaffi ta fi kayarwa. Da ka rasu ma bai bar shi ya raka ka makabarta ba. Daga ranar ya rage cin abinci. Sai in kai masa tuwo, in dawo in ɗauke shi kamar yadda na ajiye. Rigarsa ta Juma'a yanzu rataye take a jikinsa kamar a jikin ƙusa, ina tsoron kada ya biyo ka.

Zan faɗa maka gaskiya, kishinka nake ji. Ni nake wanke masa kaya, ni nake dama masa kunu da tsamiya sosai yadda yake so. Amma da ya buɗe baki, sai Sale. Me ka yi masa wanda ban yi ba? Ba kai ne kake shanye masa fura, kana ce masa masuncin da kifi ya raina ba?

Na san amsar. Garinku ne da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye. Kullum bayan la'asar sai kun zagaya shi da baki. Ya ce daga rimin bakin kasuwa sai ina, ka ce sai gidan maƙera, a haka har ku sauka rafi, kuna musu kuna dariya. Ni a nan aka haife ni, ruwa kawai na tarar. Yaya zan yi in ja da wanda ya san garin da ban taɓa gani ba?

Sai dai ina bayan ƙyaure duk lokacin nan, na haddace. Shekaranjiya na ajiye masa kwano, na ce masa daga rimin bakin kasuwa sai gidan maƙera. Ya ɗago kai ya kalle ni, sannan ya tambaye ni daga nan sai ina. Na ce marina, sai masallaci. Sai ya ɗaga murya, wai yarinyar nan ta cike rijiyar Gwaggo Ladi da ƙasa, Sale ko daga barci aka tashe shi ba zai tsallake ta ba.

Ka ji fa. Har a nan ma kai ne. Haushi ya kama ni, idona ya kawo ruwa. Amma yana faɗan yana kai loma bai sani ba, har ya ga gindin kwano. Ya ce in dawo gobe a gyara min hanya, kada in ɓatar da mutane.

Irin dariyar da yake yi maka, har yau bai yi min ba. Ka yi haƙuri Baba Sale, ina nan ina nemanta.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta.

Jikar amininka,
Bara'atu