Tsamin Iya

Litinin, 3 ga Maris, 2003
Juwairiyya ta wanke tukunyar tsami. Da sabulu! Wai ta ji tana wari. Matar ɗana Sadisu ce, ko wata biyu ba ta yi a gidan nan ba, ta kashe abin da ya girmi mijinta. Ragowar ƙullun gurasa ne fa, kullum a ɗiba a kwaɓa sabo da shi, a mayar masa da kaɗan. Haka Iya ta yi har ta rasu, haka na gada. Ita ma a hannun uwarta ta karɓa.

Talata, 4 ga Maris
Ban hura tanderu ba. Masu saye sun yi ta sallama, na ce a ce ba ni da lafiya.

Alhamis, 6 ga Maris
Sadisu ya sayo yis a kasuwar Rano. "Umma, ai duk ɗaya ne, kowa da shi yake yi yanzu." Ɗan da na raina da wannan gurasar! Na gwada don kada a ce na ƙi. Ta kumbura kamar abin kirki, a baki kuwa sai ka ce auduga. Na zuba wa awaki.

Asabar, 8 ga Maris
Mutum ɗaya ce ta rage da irin tsamin nan: ƙanwata Dije ta Unguwar Gai. Iya ta ɗibar mata ranar da aka kai ta ɗakin miji, kamar yadda ta yi wa kowaccenmu. Tun rigimar rabon gona ba ma ga-maciji. Ni in je roƙo ƙofarta? Allah ya kiyaye.

Lahadi, 9 ga Maris
Yarinyar nan sai kuka a madafa. Ta yi ta yi.

Talata, 11 ga Maris
Ashe Juwairiyya acaɓa ta hau har Unguwar Gai, ba ta gaya mini ba. Wa ya aike ta? Ta dawo da 'yar ƙwarya a rufe da faifai, ta durƙusa. Wai Dije ta ce, "Ki ce wa Yaya ba nawa ba ne, na Iya ne, ba sai ta gode ba." Ji baƙar magana. Ban taɓa ƙwaryar ba.

Laraba, 12 ga Maris
Na buɗe. Ƙamshin ɗakin Iya sak. Hayaƙin kara ne ya sa ni hawaye, ba wani abu ba.
Na nuna wa Juwairiyya yadda ake manna gurasa a jikin tanderu, ta ƙone yatsa, maganinta ke nan. Na raba tsamin biyu, rabi a ɗakinta, saboda tsaro.
Gurasar farko na sa a kai wa Dije. Ƙullun ne ya yi yawa.