Notin babur a kofin shayina

Baban Nana,

Na fita aiki kana barci. Ban tashe ka ba don bakina ba zai faɗi alheri ba.

Da safe na ga babban kofina a kicin, an rufe shi da faranti. Na ɗauka ragowar shayin jiya ne, ina sauri na kurɓa. Ashe tsofaffin notin injin babur ɗinka ne ka jiƙa a lemon kwalba, wai tsatsa ta fita. Har na haɗiye kafin ƙarfe ya bugi haƙorina. Na yi amai, na wanke baki da sabulu, har yanzu tsatsa da baƙin mai nake ji a harshena. Da Nana ce ta riga ni fa?

Abin haushin ma, ai ka sayo sababbi na silba waɗanda ba sa tsatsa. To waɗannan ruɓaɓɓun, gadonsu za ka bar mana? Duk gwangwanayen da ke tsakar gida ba ka ga ko ɗaya ba, sai abin da nake kaiwa baki.

Na zuba tsofaffin notin a shara har da kofin. Kada ka tono.

Sababbin notin kuma kada ka wahalar da kanka da nema, suna jakata. Tunda babur ya samu silba, ni ma kofin silba nake so, mai murfi. Ka sayo, da yamma mu yi musaya. Yau sai ka taka da ƙafa.

Maman Nana