Ƙorafi Kan Tsare Karyata Morita Har Sai Ta Fito da Gashi

Crisóforo Nájera Bello,
Layin Maƙabarta, Gida na 14,
Santa Inés Acatitla, Guerrero.
Alhamis, 19 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga Mai Girma Shugabar Ƙaramar Hukuma,
Licenciada Herminia Salgado Román.

Game da: Kama karyata da ma'aikatan kamen karnuka suka yi ranar 10 ga Oktoba, da shirin kashe ta ranar 25 ga wata.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma. Ni magini ne da ya ajiye aiki, shekaruna saba'in da tara. A aji biyu na bar makaranta, amma da hannuna na rubuta wannan. Ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Yau na kawo.

1. Ranar Talata, 10 ga wata, da hantsi, na je injin niƙa. Na bar Morita a bakin ƙofata, a inuwa. Ma'aikacinku Fidencio Ocampo ya zarga mata igiya ya jefa ta mota. Maƙwabciyata, Doña Petronila, ta fito ta shaida masa cewa karyar tana da mai ita, kuma haka aka haife ta. Ya ce mata kaka ta koma kan tukunyarta kafin wake ya ƙone.

2. A takardarsa ya rubuta wai ƙazwa ta cinye mata gashi, haƙora sun zube. Ranki ya daɗe, Morita xolo ce, irin karen ƙasar nan da ake haifa ba gashi, ƙaramin irin. Ba ta taɓa yin gashi ba sai ɗan tukku a ka. Uwarta ba ta yi ba, kakarta ba ta yi ba. Giɓin haƙoran ma na gado ne. Fidencio ɗan garin nan ne. Kakarsa, marigayiya Doña Cleofas, ta yi shekara goma da irin wannan kare kwance a kan ƙafarta. Ni na gina mata ɗakin girki, na gani da idona.

3. Ranar Laraba, 11 ga wata, na je gidan tsare karnukan da katin rigakafinta. Na tarar an shafe ta da baƙin mai tun daga kunne har wutsiya, wai maganin ƙazwa. An ɗaure ta a tsakar fili, rana tsaka. Shekara shida ban bar ranar azahar ta taɓa fatar nan ba. Duk Lahadi nake mata wanka, in shafa mata man kwakwa. Yanzu bayanta ya tashi, ya yi bororo. Katangar da aka ɗaure ta a jikinta ni na ɗora ta a 1978, kuma na san gefen da inuwa take faɗawa. Taku biyar ne kawai. Ba wanda ya yi takun.

4. Na nemi a ba ni ita, aka hana. Fidencio ya ce ƙa'ida ita ce kare mai ƙazwa ba ya fita sai an ga gashi ya fara tsirowa, in bai tsiro cikin kwana goma sha biyar ba a yi masa allurar mutuwa. Na ce ko shekara goma sha biyar aka jira ba zai tsiro ba. Ya ce tsoho ya kwantar da hankalinsa, ai ko ni da sanƙona na fi ta gashi. Mutum uku suka yi dariya. Na riƙe hulata na fita.

5. Na koma ranar 13 da ranar 17. Busasshen abinci suke zuba mata, ba ta iya tauna shi. Na kai mata tortilla, wainar masara, da aka jiƙa a romon kaza, da 'yar rigar ulu da matata ta saƙa mata. Sun karɓi abincin, sun ƙi rigar, wai za ta baza cuta. An ce likitan dabbobi zai zo. Har yau ban ga ƙeyarsa ba.

Ba zan ɓoye ba, tun da aka ɗauke ta gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa, don ɗumin jikinta ne ke sassauta min su. Amma ba don gwiwa na rubuto ba.

Don haka ina roƙon ofishinki da ya soke hukuncin ranar 25, a miƙo min ita kafin Asabar. A wanke mata baƙin man nan da sabulu mai laushi, ko a bar ni in shiga in wanke da kaina. A kuma goge kalmar ƙazwa daga takardarta. Ba na neman a kori Fidencio. A aike shi ya tambayi uwarsa.

Iyayenmu sun ce irin wannan kare ne ke jiran mutum a bakin kogi bayan mutuwa, ya ƙetarar da wanda ya riƙe shi da amana, ya ƙyale wanda ya wulaƙanta shi. Uwar Morita ta riga matata Eduviges mutuwa da wata biyu, ita ta sami mai ƙetarar da ita. Ni Morita ce tawa. Idan ta riga ni isa can cikin baƙin mai, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Saboda haka na yi takardar nan biyu. Ina roƙon a buga hatimi a ta biyun, da kwanan wata, a dawo min da ita. Na gaya wa Doña Petronila aljihun da za a sa min ita ranar da za a binne ni, in nuna wa Morita a bakin kogi.

Allah ya ƙara girma.

Naki cikin ladabi,
Crisóforo Nájera Bello, magini.